Shuɗi da Ruwan Ɗorawa

Ni na rubuta allunan nan biyu.
In ka tsaya a bakin titin Ahmadu Bello
ka ɗaga kai, za ka gan su:
na sama shuɗi, na ƙasa ruwan ɗorawa.
Bene ɗaya, matakala ɗaya, janareta ɗaya
da kullum ake musun wa zai zuba masa mai.

Barista Talatu Maikano ce ta fara kirana.
Ta ce, "Barau, rubuta LAUYA da manyan baƙaƙe,
ka sa shige da fice, ka sa ɗaukaka ƙara,
mutane su san wanda ya sha wuyar karatu."
Na auna ƙafa shida. Ta ba da rabi.

Mako bai zagayo ba, Alhaji Ilu na ƙasa ya aiko yaro.
Shi ƙafa takwas yake so,
da jirgi yana ɗaga hanci,
da lambar lasisinsa a jikin fiffike.
"Ka ƙara da cewa: Mu ba ma sayar da Turanci."
Na ce, Alhaji, ai wannan habaici ne.
Ya ce, "To habaicin nawa kake rubuta harafinsa?"

Daga nan kakata ta yanke saƙa.
Ta ce in ƙara: Hattara da 'yan cike fom.
Ya ce in ƙara: Baƙar riga ba ta buga biza.
Ta sayi filin rediyo ranar Laraba,
ya saye Alhamis da Asabar.
Ya liƙa sunansa a bayan keke hamsin,
daga Kawo har Kakuri,
ta tura yara ƙofar ofishin fasfo da takardu.
In sun haɗu a matakala kuwa,
"Barista, an tashi lafiya?"
"Lafiya lau, Alhaji, ya maƙwabtaka?"

Wata Litinin ina kan tsani
wata yarinya ta tsaya a ƙarƙashina,
Rifkatu, nas ce, daga Barnawa,
ta rungume ambulan kamar jariri mai zazzaɓi.
Filin babanta ne a ciki,
wanda ya saya da kuɗin sallamar masaƙa.
Ta ce, "Mai fenti, wanne ne na gaskiya?"

Hannuna na dama shuɗi,
na hagu ruwan ɗorawa.
Na ce, ni rubutu aka ce in yi, ba karatu ba.

Ta shiga ƙasa, don ya fi sauƙi.
Bayan wata uku na gan ta tana hawa sama
da wasiƙar da ta fara da ban haƙuri,
ambulan ya rame.

A ranar na kai magariba ina wanke buroshi,
na ga yaron Alhaji ya hau da fayil bakwai,
duk na waɗanda aka hana,
ya sauko da fom ɗin Barista a hammata,
don akawunta ba ya gane kan shafin intanet,
da wata 'yar takarda a naɗe
da ya tura aljihu yana waige.
Ashe faɗan a jikin allo ya tsaya,
bai taɓa taka matakala ba.

Da damina ta kankama,
ruwan Agusta ya kwana uku yana dukan benen,
shuɗin sama ya zubo kan ruwan ɗorawa,
jirgin Alhaji ya koma kore shar,
launin fasfo sak.
Dukansu sun kira ni kafin hantsi,
kowa na cewa nasa za a fara.

Nawa fasfon yana cikin akwatin gwangwanaye,
ƙarƙashin tsumman kananzir.
Shekara biyar ya yi, ya mutu bara,
ko hatimi ɗaya bai sha ba.
Rifkatu kuma, jiya na hango ta a Kasuwar Barci
da farar rigar aiki, tana taya tumatir.
Ban yi mata magana ba.
Na gyara tsanin a kafaɗata
na tsallaka titi.